Wa ya taɓa cin karo da nitrofil mai cibiya gida biyu a furoti?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan labo. An kawo mana wata yarinya ƴar firamare da zazzaɓi, aka rubuta gutepes (gwajin neman palu, wato zazzaɓin cizon sauro) da NFS (ƙirgen ƙwayoyin jini). Palu akwai, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Da na hau furoti (jinin da aka shimfiɗa siriri a kan lam, wato ɗan gilashin dubawa), sai na tarar kusan duk nitrofil ɗinta (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) cibiyarsu gida biyu ce, dunƙule biyu da siririn ƙugu a tsakani, kamar kwanson gyaɗa mai ƴaƴa biyu. Wasu ma ba su rabu ba sam. Mu dai abin da muka saba gani gida 3 ne zuwa 5. Adadin fararen ƙwayoyin jininta daidai yake. Ta sha maganin palu ta warware, aka maimaita furoti, abin na nan yadda yake. Me zan rubuta a takardar sakamako?

Tsohon Majo:
Wa alaikumus salam ɗana. Siffar nan ta gado da ake kira Pelger-Huët ke nan, in Allah ya yarda. Kafin in yi ritaya na ga irinsa a jikin wani direban babbar mota, ƙato, lafiyarsa ƙalau, takardar shaidar lafiya kawai ya zo nema. Wanda ya fara duba lam ɗin ya ƙirga su a matsayin ƙwayoyin da ba su nuna ba, aka ce ciwo ne ke ɓoye a jikinsa, aka ɗora masa antibiyotik. Ya shanye, aka sake ɗiban jini, babu canji, aka sake masa wani mai tsada. Mutumin nan har tafiyar Agadas ya fasa saboda tsoro. Ni na ce a kira ƴan uwansa. Mahaifiyarsa da ƙanwarsa suka zo, jininsu sak nasa. Daga ranar aka bar bawan Allah ya huta.

Kira iyayen yarinyar ka yi musu furoti. Lam biyu da ɗan ruwan Giemsa na rina jini ba za su talauta labo ba.

Ƴar Zengo:
Baba Majo, ku ba ni izini in ƙara, mun yi wannan a darasin ilimin gado. Cibiyar ƙwayar halitta tana lulluɓe da fata biyu, ta waje da ta ciki. A ta cikin akwai wani furotin (sinadarin gina jiki, ba furoti na lam ba) da ake kira LBR, an gano shi a 1988. Wani ɓangarensa a dashe yake cikin fatar, ɗaya ɓangaren kuma yana leƙe cikin cibiyar, yana riƙe da lamin B (ragar da ke tallafe da cibiya daga ciki) da kuma dunƙulallen zaren gado. Yayin da nitrofil ke nuna a ɓargo, wannan riƙon ne ke sa cibiyar ta lanƙwashe ta rabu gida-gida. Ƙwayar gadon da ke yin LBR tana kan kuromozom (ƙunshin zaren gado) na 1, kowa na da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗaya ya samu tangarɗa, furotin ɗin ya yi ƙaranci, sai rabuwar ta tsaya a gida biyu. A 2002 ne aka tabbatar cewa LBR ce sanadi, alhali tun 1928 Pelger, wani likita ɗan ƙasar Holan, ya bayyana siffar. Shi a wurin masu tarin fuka ya gan ta, ya ɗauka alama ce ta tsananin ciwon. Bayan ƴan shekaru Huët, likitan yara, ya nuna cewa gado ce.

Wanda ke ɗauke da ita, kowane ɗa da ya haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsallake. Kuma nitrofil ɗin na aikinsu na cinye ƙwayoyin cuta.

Ɗan Magarya:
Ni dai ban taɓa gani ba, kuma gaskiyar magana yaushe ma zan gani? Tun da aka kawo injin NFS, a damina sai mu wuni kan gutepes, furoti sai in likita ya matsa. Inji ya ba ka adadi, ba ya zana maka cibiya. Ina jin akwai masu ita da yawa da suka bi ta hannunmu ba mu sani ba.

Likitan Sabon Gari:
Ɗan Birni, rubuta abin da idonka ya gani, ka ce siffa irin ta Pelger-Huët, ka faɗi kashi nawa cikin ɗari na nitrofil ɗin ke da ita, ka ƙara cewa ba ka ga alamun guba (canjin da ciwo mai tsanani ke jawowa) a cikinsu ba. Amma ina jan hankalin matasa, kada labarin Baba Majo ya sa ku saki jiki da duk wanda kuka gani. Akwai na gado, akwai na bogi, wato wanda ciwo ko magani ya jawo. Na bogin ne ya taɓa zuwa mini: dattijo, ya daɗe yana fama da kasala, an yi ta ba shi maganin ƙarin jini ba ya hawa. Jini ƙasa, falaket (ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini) ƙasa, a furoti kuma wasu nitrofil gida biyu, wasu daidai, cikinsu fayau babu ƴan ɗigon da aka saba gani. Ƴaƴansa da muka duba babu mai ita. Wannan ciwon ɓargo ne, irin wanda ƙwayoyin jini ke fitowa a gurguje, kuma yana iya rikiɗewa ya zama sankarar jini. Mun tura shi Yamai.

A taƙaice yadda nake rarrabewa: na gado yakan kama mafi yawan nitrofil, har da eyozinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini daban), mutum na lafiya, sauran adadi daidai, kuma za ka same shi a dangi. Na bogi yakan zo da tarkacensa. Ku tambayi magunguna ma. Tacrolimus da mycophenolate, waɗanda ake ba masu dashen ƙoda, suna kawo shi, haka wasu magungunan sankara. Yanzu muna da mutanen da suka yo dashe a waje suka dawo gida, to a kula.

Hajiya Ungozoma:
Ni tambayata ga ƴata ta Zengo ce. Kin ce kwafi biyu ne. To in duka biyun suka lalace fa? Kin san yadda muke auren zumunci. Na taɓa karɓar haihuwar wata baiwar Allah, ɗan ya zo babu rai, jiki a kumbure, hannuwa da ƙafafu gajeru ƙwarai. Ita da mijinta ƴan wa da ƙane ne. Ba a yi wani gwaji ba, aka yi musu ta'aziyya suka tafi. Karanta bayaninki ya tuno mini da su.

Ƴar Zengo:
Hajiya, Allah ya ba su haƙuri. LBR na da aiki na biyu: yana cikin masu haɗa kolesterol a ƙwayar halitta. In kwafi biyun suka lalace ta yadda wannan aikin ya tsaya, akwai ciwon da ake kira Greenberg, jariri ya kumbura a ciki, ƙasusuwa gajeru, kuma ba ya rayuwa. An kuma samu masu kwafi biyu da suka rayu, cibiyar nitrofil ɗinsu dunƙule ɗaya zagayayye, wasunsu da ƴar matsalar ƙashi. Sai dai Greenberg ba kasafai ake ganinsa ba ko a duniya, kuma cututtuka da dama na kawo irin siffar da kuka kwatanta, don haka ba za a ɗora wa LBR ba sai da gwajin gado.

Tsohon Majo:
Hajiya, kada dai mu tsorata mutane. A nan ƙasar, in maganar gwajin aure ce, sikila ta fi wannan gaggawa nesa ba kusa ba.

Likitan Sabon Gari:
Haka ne Baba. Amma in miji da mata dangi ne, kuma dukkansu furoti ya nuna Pelger, ni zan zaunar da su in yi musu bayani, in kuma roƙi a riƙa yin eko (hoton ciki) a kan lokaci in ciki ya samu.

Ɗan Birni:
Na gode muku duka. Iyayen sun zo da safe. Na uwar daidai yake, na uban kuwa gida biyu daga farkon lam har ƙarshe. Ya ce shi bai taɓa kwanciya asibiti ba, har yana dariya wai sai yau aka gano masa ciwo. Na gaya masa ba ciwo ba ne, na rubuta a karnen yarinyar da nasa don duk inda aka ɗibi jininsu a sani. Ya yi alƙawarin kawo sauran yaran ranar Alhamis in ya shigo kasuwar Dole. Likita, in ka samu sarari ka leƙo, na ajiye lam ɗin ka duba eyozinofil ɗin da idonka.