Neman shawara: na'urar GPS a cikin kayan da nake aikawa

Mai atamfa, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi, kuma kusan kullum ina ba direbobi saƙo zuwa Yola, Jos da Abuja. A watan jiya wani ƙunshi ya yi kwana tara ba a san inda yake ba, mai kayan tana zargina, wayar direban kuma a kashe, kuma har yau hankalina bai gama kwanciya ba. An ce akwai na'urar GPS da ake sakawa cikin kaya don a riƙa ganin inda suke. Don Allah me take ci, kuma za ta yi wa mai ƙaramin jari irina?

Mai gyaran waya, Bauchi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Na'urar tana gane inda take ne daga taurarin ɗan adam, aƙalla huɗu, kuma wannan kyauta ne, amma ba za ta iya sanar da ke ba sai da layin waya a cikinta, wanda aka haɗa da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, aka kuma sa masa data. Saboda haka duk inda sabis ya ɗauke a hanya, za ki ga ta tsaya cak a taswira har sai motar ta fita daga wurin. Idan aka danne ƙunshin a ƙarƙashin buhuna cikin but, siginar tana raunana, batir kuma ba ya jimawa idan kika sa ta aiko rahoto kowane minti.

Dillalin hatsi, Gombe:
Hajiya, ba kuɗin saye ne ke karya mutum ba, dawowar na'urar ce. Idan ta isa Abuja sai mai kayan ya cire ta ya biya kuɗin mota ya maido miki, in kuwa bai maido ba, ribar turmi nawa za ta cike giɓin? Ni a tirela nake saka ta, inda kayan miliyoyi ne kuma motar za ta dawo gida. A ƙunshi ɗaya ban ga ta biya kanta ba, sai dai kayan lefe masu tsada.

'Yar kasuwa, Azare:
Yaya, na gwada AirTag, wata ƙaramar na'urar bin sawun kaya, wadda ba ta buƙatar layi kuma batirinta kan kai shekara, sai dai ta dogara ne da wayoyin iPhone da ke kusa da ita, don haka tana aiki a Abuja amma takan yi shiru a ƙauyukan hanya.

Mai atamfa, Gombe:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan sayi ɗaya saboda kayan lefe kawai, sauran kuma in riƙa biyo da su ta ofishin tasha, a ba ni rasit da lambar mota.