Ƙaiƙayin matsematsi ya ƙi warkewa: wane magani zan yi, kuma na kwana nawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A gafarce ni, domin maganar tawa ta shafi wurin da ake jin nauyin ambata, amma larura ce ta sa. Ni direban adaidaita sahu ne, ina wuni a zaune cikin zafi da gumi, kuma yau kusan wata 3 ke nan ina fama da ƙaiƙayi a matsematsina. Wurin ya yi duhu, bakinsa ya ɗan tasa kamar zobe yana ɓarewa, yana kuma ci gaba zuwa cinya, sai dai bai taɓa marainana ba. Na sayi wani man shafawa a kemis wanda aka ce magani uku ne a haɗe, cikin kwana 3 ƙaiƙayin ya lafa sai na daina, amma bayan mako guda ya dawo ya fi na da faɗi. Wani abokin aikina ya ce in haɗiyi fluconazole ƙwaya ɗaya, magana ta ƙare. Shin haka ne?

Wani masanin harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba ka lafiya. Yadda ka kwatanta shi ya yi kama da makero na matsematsi, wanda ƙwayar fangas ke haddasawa, ko da yake sai an gani da ido za a tabbatar. Ka ɗauko kwalin man nan ka duba. Idan ka ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, to ka ajiye shi, domin waɗannan suna kwantar da ƙaiƙayi ne kawai alhali ƙwayar cutar tana ƙara yaɗuwa, kuma fatar wurin da ma siririya ce, yawan shafa su yana sa ta ƙara laushi har ta yi nankarwa.

Abin da ake farawa da shi man shafawa ne wanda ba a gauraya shi da komai ba. Terbinafine mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ana shafa shi sau ɗaya ko sau biyu a rana na mako 1 zuwa 2, clotrimazole kuwa sau biyu a rana na mako 2 zuwa 4. Ka wanke wurin, ka tsane shi sosai, sannan ka shafa kaɗan har ka zarce bakin zoben da kamar faɗin yatsa biyu, saboda a bakin nan cutar take ci. Ƙaiƙayi yakan riga cutar tafiya, don haka kada lafawarsa ta sa ka tsaya kafin kwanakin su cika. Kada kuma a ba ka nystatin, ba ya kashe irin wannan ƙwayar.

Wani ɗan zaure:
Ni ma na taɓa yin irinsa, kuma abin da ya daɗe yana dawo mini da shi ashe ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafata ne, ina sa gajeren wando yana goge ƙafar yana kai cutar sama. Sai da na yi maganin wuraren biyu tare, na ware tawul ɗina, na koma wandon auduga mai sakewa wanda nake shanyawa a rana, sannan na rabu da shi.

Wata likita:
Malam, ƙwaya ɗayan nan da abokinka ya faɗa maganin ƙaiƙayin gaba ne na mata, ba na makero ba. Idan da fluconazole za a yi, miligiram 150 ake sha sau ɗaya a mako na mako 2 zuwa 4. Mun fi ba da terbinafine miligiram 250 kullum na mako 2 zuwa 4, ko itraconazole miligiram 200 kullum na kwana 7, ko miligiram 100 na kwana 15, bayan an ci abinci. Amma ba ma kai wa ga na sha sai cutar ta yi faɗi ko na shafawa ya kasa, kuma ba na son ka saya da kanka, domin duk suna iya yi wa hanta illa. Mai ciwon hanta, ko mai raunin zuciya, ko mai shan wasu magunguna kullum, dole a duba shi tukuna. Ƙwayar ketoconazole kuwa tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ba da shawarar a dakatar da shan ta saboda illarta ga hanta. Tunda abin ya kai wata 3, ka je asibiti a kankari ɓawon fatar a duba, a kuma gwada maka suga.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin, lallai akwai betamethasone a jiki. Likita, akwai sauran griseofulvin da aka taɓa rubuta wa ƙanena, kuma aurena saura wata 2. Zan iya sha kafin in samu zuwa asibiti?

Likitar:
Allah ya sanya alheri, amma kada ka sha. Ana shawartar namijin da ya sha griseofulvin da kada iyalinsa ta ɗauki ciki sai bayan wata 6 da gama shi. Ka fara shafa terbinafine daga daren yau, ka je asibitin cikin makon nan, ka kuma tafi da kwalin tsohon man a hannunka.