Likitan sana'a ko likitan hidimar kai?

Jama'a, ku zo mu daddale wata kalma. Ina fassara takardar horar da masu aikin sa-kai da ke kula da tsofaffi da naƙasassu a gidajensu, sai na ci karo da occupational therapist, wato ma'aikacin lafiyar da ke taimaka wa majinyaci ya koma yi wa kansa ayyukan yau da kullum. Nan alƙalami ya tsaya.

Abin da ya fara zo mini shi ne "likitan sana'a", kuma mutum uku daga cikinku sun ba da wannan. Ban karɓa ba. Wanda ya ji sana'a zai ɗauka ɗinki ko kafinta ake koya wa majinyaci. Gaskiya dai aikin ya taso da saƙa da sassaƙa: a 1917 aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta farko a Amurka, kuma da irin waɗannan sana'o'in hannu aka riƙa farfaɗo da sojojin da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Farko. Amma yau abin da suke nufi shi ne duk hidimar da ke cika wa mutum yini: wanka, sa riga, cin abinci, shiga banɗaki, fita unguwa.

Wata malamar jinya ta ce mu ce "likitan gashi" mu huta. Malama, wannan suna yana da mai shi, wato physiotherapist, mai gashin ƙashi. Mai gashi ƙarfin hannu da motsin gaɓa yake nema. Shi kuwa occupational therapist tambayarsa ita ce: wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yaya zai ɓalla maɓalli da hannu ɗaya? Sai ya ƙara wa cokali kaurin mariƙi, ya sa a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, ya ce a ɗauke shimfiɗar da ke harɗe ƙafa.

Mai aikin sa-kai a nan yake shigowa, kuma saboda shi nake ta wannan jayayya. Ƙwararren kan zo jefi-jefi, ya auna, ya tsara abin yi. Mai sa-kai ne ke yawan leƙowa, ya raka dattijo tattaki, ya zauna yana kallo har ya sa rigarsa da kansa, sa'an nan ya kai rahoton abin da ya gani. Tsarin ba nasa ba ne, ba ya canza shi. Babban abin da ke ɓata aikin kuwa tausayi ne: ya ga ana fama da maɓalli, ya kai hannu ya ɓalla. Shi ke nan, atisayen ranar ya tafi.

Shi ya sa "likitan hidima" da wani ya kawo bai ishe ni ba, sai a ji kamar majinyaci ake yi wa hidima. Da aka ƙara "kai" sai ma'ana ta zauna: likitan hidimar kai. Na san ba likita ba ne a takarda, amma ai mai gashi ma haka muke kiransa. A rubutun hukuma a ce jami'in farfaɗo da hidimar kai.

Af, "'yan sa-kai" ma na kauce masa, don kunne kan tafi ga masu sintiri. Masu aikin sa-kai na rubuta.