Musayar Waƙa: Ina Waƙar Mai Gajiya a Cikin Sujada?

Ɗan ƙungiyar mawaƙan coci, Sakkwato:

Ranar Lahadi nakan tsaya da ganga a gaban jama'a,
Bakina yana yabo, zuciyata kuwa ta gaji da addu'a.
Tun da muka binne ƙanena a bazarar bana,
Kowace waƙar da aka ɗauko ta rawa ce da murna.
Shin zunubi ne, Baba, in ce wa Ubangiji na gaza,
Ko sai na haɗiye hawayena kafin in shiga sujada?

Dattijon ikilisiya:

Ɗana, buɗe Zabura, wannan tambaya ba sabuwa ce ba,
A cikin waƙoƙi 150 ɗin nan, na kuka ba kaɗan ba.
A ta 13 Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu, Allah bai kore shi ba,
Ta 88, ta 'ya'yan Kora mawaƙan Haikali, ta ƙare cikin duhu, ba a cire ta ba.
Annabi Iliya, bayan nasararsa kan annabawan gunki a Dutsen Karmel, ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika bai tsauta masa ba,
Gurasa da ruwa ya ba shi har sau biyu, bai hana shi barci ba.

Uwa daga Zumuntar Mata:

Baba, ka faɗi gaskiya, amma da sauran magana a kanmu,
Mun ajiye waƙoƙin kuka don gidan makoki, mun hana su cocinmu.
Da an naɗe tabarmi, masu ta'aziyya sun watse sun bar mu,
Sai mu ce wa mai rashi ya tashi ya taka rawa tare da mu.
Na ga gwauruwa a bencin baya tana tafi, haɓar zanenta jiƙe da hawaye, abin ya dame mu,
Alhali a lambun Getsamani baƙin ciki har ga mutuwa ya kama Yesu Mai Cetonmu.

Ɗan ƙungiyar mawaƙa:

Mama, na gode, kin faɗi abin da na kasa furtawa,
Zan sa wa Zabura 88 murya mai sanyi, ba ta rawa.
Ki zo da tulunki ranar Alhamis, lokacin koyon waƙa,
Ki buga shi a hankali, ni kuma in ajiye ganga.

Dattijon ikilisiya:

Zan yi wa Fasto magana, ɗana, a ba ku wuri kafin wa'azi,
Kada ku ƙara wa Zaburar baitin murna don gudun ƙorafi.