Tsohuwar amfilifaya za ta gyara sautin gida?

Masu sha'awar kayan sauti da suka tattauna ko sayen tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) zai gyara sautin gida sun fi karkata ga abu ɗaya: kafin a taɓa amfilifaya, a fara duba sifiku da inda aka ajiye su. Su ne suka fi sauya abin da kunne ke ji. Idan sifiku ba su da kyau, ko amfilifayar kamfanin Marantz ka jona musu, haka za su ci gaba da kuka.

Amma an yaba wa na'urorin Pioneer, Sansui da Marantz na shekarun 1970. Suna da nauyi, taransifomarsu babba ce, kuma galibi suna da mashigar injin faifai a jikinsu.

Inda aka fi ja kunne shi ne tsufa. Kafasitocin ciki (ƙananan sassan da ke riƙe wuta) suna bushewa bayan shekaru masu yawa, sai ka ji gurnani a sifika; datti a cikin maɓallin ƙara murya kuma yakan sa ƙarar "ƙar-ƙar" in ka murɗa shi. Wani lahanin ma yakan tura wutar DC (irin ta batir) kai tsaye ta ƙona sifika. Don haka mai gyara ya duba amfilifayar kafin a jona, kuma a lissafa kuɗin aikinsa cikin farashi. A ganina wannan ce shawarar da ta fi muhimmanci.

A duba ko ƙarfin wutar da take ɗauka ya dace da na gidanka, domin na kasuwar Japan 100V ne. A tabbatar tana iya ɗaukar sifiku masu ohm 4 (ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) in irinsu gare ka. Bluetooth da rimot kuwa babu su, sai an haɗa wata 'yar na'ura daban.