Waɗanda aka taɓa yi wa dokinsu sikanin zuciya, me kuka gani?

Mai goɗiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa tsayawa gefen likita ana auna zuciyar dokin sukuwa da na'urar sikanin. Goɗiyata mai shekara huɗu aka yi wa, saboda likita ya ji wata ƙara a ƙirjinta. Ya ce ɗakin zuciyarta na hagu na ƙasa, wanda ke tura jini zuwa jiki, ya kai santimita 12 da rabi in ya cika, kuma wai daidai ne ga mai girmanta da ke cikin horo. Hankalina bai kwanta ba. A mutum in aka ce zuciya ta yi girma ciwo ake nufi, a doki kuma sai a ce alheri ne. Ina iyakar take?

Mai horarwa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ni duk dokin da ya shigo hannuna yana shekara biyu sai an auna shi kafin ya fara gudu, a sake aunawa bayan ya yi watanni yana aiki. Da idona nake ganin lambar tana hawa, ɗakin ya buɗe, naman bangon ya ƙara kauri. Wata likita, Lesley Young, ta bi wannan a Newmarket ta Ingila, ta nuna cewa horo shi kansa yana ƙara wa zuciyar matasan dawaki girma. Saboda haka lambar goɗiyarka ita kaɗai ba za ta gaya maka komai ba, sai ka san nawa take kafin horo.

Likitan dawaki: Malam mai horarwa ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da hannuna ke yi. Daga dama nake farawa, a bayan gwiwar ƙafar gaba, wajen haƙarƙari na huɗu da na biyar. Wurin ƙanƙane ne, huhu ya rufe sauran, kuma sautin da na'urar ke turawa don ɗauko hoto ba ya ratsa iska. Zuciyar doki tana da zurfi, shi ya sa ake amfani da kan na'ura mai sautin kusan megahaz 2.5 (ma'aunin yawan girgizar sautin ke nan), wanda zai iya hango santimita 30 a ciki. In hoto ya fito, sai in ja layin awo a hoton ya ratsa ɗakin hagu daidai ƙasan ƙofarsa, wato murfin da ke hana jini komawa baya, in auna faɗinsa lokacin da ya cika da lokacin da ya matse. A babban dokin sukuwa na nau'in da ake kira Thoroughbred, santimita 11 zuwa 13 shi ne abin da aka saba gani in ya cika, matsewar kuma tana rage faɗin da kashi ɗaya cikin uku ko fiye.

Amma ba a nan nake yanke hukunci ba, Alhaji. Zuciyar ɗan gudu gaba ɗaya take girma, komai daidai da ɗan'uwansa, tana matsewa da ƙarfi, bugunta kuma a natse, tsakanin 28 zuwa 44 a minti in yana hutawa. Wadda ciwo ya buɗe daban take. Za ka ga ƙofa tana yoyo jini na komawa baya, ɗakin hagu na sama ya kumbura ya yi zagaye, ko kuma jijiyar da ke kai jini huhu ta fi babbar jijiyar jiki faɗi, alhali ita ce ya kamata ta zama ƙarama. Wannan na ƙarshen in na gan shi ba na bari a sake hawa dokin. Ɗan yoyo a ƙofar ɓangaren dama na zuciya kuwa ya yi yawa a dawakin sukuwa masu ƙoshin lafiya, kuma da yawansu suna cin gasa da shi.

Mai kula da barga: Ni nake riƙe linzami in an zo wannan aiki. Ana aske gashi kamar faɗin tafin hannu, a goge da sifirit, a shafa mai, a rufe taga don allon ya fito sosai. Aikina shi ne in sa dokin ya ɗan miƙa ƙafar dama gaba ya tsaya a haka. Akwai wani ingarma da ya ƙi tsayawa, na roƙi Dakta ya yi masa allurar kwantarwa, ya ce a'a, allurar tana rage bugu kuma tana canza awon. Muka bar shi ya huce, ina shafa masa wuya ina yi masa magana, har bugun ya sauka don kansa. Da ya natsu har tsallake bugu ɗaya yake yi jefi-jefi, na tsorata, Dakta ya ce al'adar lafiyayyen doki ce in yana hutu, da ya motsa take ɓacewa.

Mai sayen dawaki: Ku yi haƙuri, ni ta ɓangaren girma nake. Phar Lap, shahararren dokin sukuwa na Ostareliya, zuciyarsa ta haura kilo 6, tana ajiye a gidan tarihi a Kanbera, alhali ta doki gama-gari kusan kilo 4 ce. Wani shahararren dokin sukuwa kuma, Secretariat, da ya mutu a 1989, likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta tasa da kusan kilo 10. Ni ba na biyan kuɗin ɗan shekara ɗaya sai an nuna mini ɗakin hagunsa.

Mai horarwa: Ranka ya daɗe, ta Secretariat ƙiyasi ne, ba a ɗora ta a sikeli ba. Kuma na horar da masu babbar zuciya da ba su taɓa shiga na uku ba, ƙafa ta hana su ko maƙogwaro. Binciken da aka yi a Ingila ya fi samun alaƙar girman zuciya da nasara a dawakin doguwar tafiya masu tsallake shinge, a gajeren gudu alaƙar ba ta da ƙarfi. Sannan awon ɗan shekara ɗaya, wanda bai gama girma ba kuma bai taɓa aiki ba, da wa ake gwada shi? In ba a haɗa da nauyin jikinsa da shekarunsa da jinsinsa ba, babban doki kawai ka saya.

Mahayi: Wani da nake hawa ya taɓa sakin jiki a tsakiyar gudu, daga na gaba ya koma na ƙarshe ba tare da ɗingishi ba. An yi sikanin, girma lafiya lau. Sai da aka ɗaura masa wayoyin auna bugu aka ga bugun ya rikice, ɗakunan sama karkarwa kawai suke yi. Don Allah kada wanda ya ga awo mai kyau ya ɗauka an gama bincike.

Likitan dawaki: Haka ne, sikanin girma da motsi yake nunawa, rikicewar bugu sai da wayoyi, in da hali dokin yana gudu. Alhaji mai goɗiya, ka nemi likitanka ya ba ka hotunan da lambobin a rubuce, da nauyinta na ranar, da sunan ƙofar da ƙarar ke fitowa. Bayan wata shida zuwa shekara a maimaita, kuma shi ɗin dai ya maimaita, domin in kan na'ura ya ɗan karkace awon yana sauyawa da 'yan milimitoci. In faɗin bai motsa ba, yoyon bai ƙaru ba, kuma bugunta yana sauka da wuri bayan gudu, ta ci gaba da aikinta.