Ina kuke samun kayan karatu na intanet don laburaren makaranta?

Malama Rukayya (Tudun Wada): Assalamu alaikum 'yan zaure. An damƙa mini makullin laburaren makarantarmu wannan zangon, ni kuwa asalina malamar Turanci ce. Abin da na tarar kwamfuta huɗu ne masu tashi, sai littattafan da yawancinsu sun girmi yaran. Don Allah a ina kuke jin labaran wannan aiki namu, kuma waɗanne shafuka ne ke da kayan karatu kyauta da za su dace da 'yan ƙaramar sakandare? In da na Hausa ma ya fi.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Allah Ya taya riƙo.

Hajiya Binta (Kawo): Amin. Ƙanwata fara da African Storybook. Ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ce ke da shi, kyauta ne, akwai labarai da Hausa, kuma an jera su hawa-hawa tun daga mai jimla ɗaya a shafi har mai cikakken sakin layi. Kina iya saukewa ki buga a takarda. Sai StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, sai Bloom Library. Duk ukun da Hausa a ciki.

Malam Sabo: Hajiya ai waɗannan na 'yan firamare ne.

Hajiya Binta (Kawo): Malam Sabo shiga aji ɗaya ka miƙa wa yaro jarida ka ce ya karanta da ƙarfi, sannan ka dawo mu yi magana. Yaron da bai ƙware ba, littafi mai kauri tsoro yake ba shi. In ya gama ƙarami guda da kansa, gobe shi zai zo ya tambayi wani.

Malam Yakubu (Rigasa): Malama Rukayya, kafin komai, duk wanda ya shigo makarantarku da jaka da majigi yana cewa zai kafa muku laburaren zamani, ki riƙe hannun shugaban makaranta kada ya sa hannu a takarda. Mu an yi mana. Wani kamfani ya zo ya haska mana a bango, littattafai dubbai, bidiyo, gwaje-gwajen kimiyya, ɗakin malamai kowa baki buɗe. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara kuɗi, har da iyayen da sai da suka sayar da wani abu kafin su kawo nasu kason. Aka kawo kwamfutocin hannu a cikin kwali. Ranar farko muka gane cewa ko shafi ɗaya ba ya buɗewa sai da data, mu kuwa a ɗakin nan sabis sai ka ɗaga waya ta taga. In ya buɗe ɗin ma, labaran duk na yaran Amurka ne, ƙanƙara da bukukuwan da yaranmu ba su san kansu ba. Na nemi abu ɗaya da ya bi tsarin karatunmu na NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya, ban samu ba, Hausa kuwa ko kalma. Shekara na zagayowa kalmar sirri ta daina aiki, wai sai an sabunta biya. Lambar da suka bari ba ta shiga. Na'urorin kuma sun kulle su, ba ka iya sa musu wani abu. Suna nan a kabad, kuma ni da nake riƙe da ɗakin ni iyaye ke tarewa a masallaci suna tambaya.

Wanda ya fitar da mu kunya wani ɗan bautar ƙasa ne da aka turo mana. Ya sa mana Kiwix a tsohuwar kwamfutar ofis, wato Wikipedia da kake saukewa sau ɗaya ka yi ta amfani ba intanet. Ta Hausa ƙarama ce, filashi na ɗauke ta. Ta Turanci mai hotuna ce ke da nauyi, wajen gigabait ɗari, amma akwai wadda ba hotuna. Sannan ya sa Kolibri, manhajar darussa da ita ma ke aiki ba intanet. Kwamfuta ɗaya ke riƙe da kayan, a jona ta da rauta wadda ko layi babu a ciki, sauran kwamfutoci da wayoyin malamai su kama daga gare ta. A ciki muka zuba darussan lissafi na Khan Academy da gwaje-gwajen kimiyya na PhET da labaran African Storybook ɗin da Hajiya ta faɗa. Sisi ba mu biya ba sai datar saukewa, ita ma da dare aka yi. Yanzu duk mai tallan da ya zo, cewa nake kashe datar wayarka ka nuna mini yana aiki, sannan gaya mini me zai rage a hannunmu in ba mu sake biya ba. Yawanci daga nan suke fara haɗa jaka.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri.

Malam Sabo: Mu ma sun zo bara. Allah Ya taimake mu asusun babu komai.

Danladi (Sabon Tasha): Ku ƙara da Nigeria Learning Passport. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da shi a 2022, yana bin tsarin karatun Najeriya, akwai Turanci da Hausa da Yarbanci da Igbo. Rajista kyauta.

Maman Ilham: Ni ina da littattafan Hausa fiye da ɗari a waya, na soyayya da na makaranta, duk PDF. Mai so ya yi magana in tura.

Hajiya Binta (Kawo): A'a Maman Ilham, ban da wannan. Marubucin ya sha wahala, wani ya ɗauki hoton littafinsa ya watsa, mu kuma masu kula da laburare mu zama dillalai? Waɗanda na lissafa suna da lasisin Creative Commons, masu su ne da kansu suka ce a kwafa a raba. Wancan kuwa haƙƙin mutum ne, kuma akwai doka a kai.

Maman Ilham: To Hajiya littafin ma ina ake samunsa a kasuwa? Na zagaya Kasuwar Barci da Sheikh Gumi ban ga wasu ba.

Hajiya Binta (Kawo): Ki leƙa Zariya wajen NNPC, kamfanin buga littattafai ba na man fetur ba, ko ki sa a duba miki a Kano. Kuma na soyayyar nan ko halal ne sai kin tace kafin yara su gani.

Baba Audu (mai ritaya): Ni tambayata daban ce. Tun yaushe malamar Turanci ta zama ma'aikaciyar laburare? Akwai hukumar rajistar ma'aikatan laburare, LRCN, Doka ta 12 ta 1995 ta kafa ta, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista. ABU na koyar da fannin tun 1968, yaranmu sun gama suna zaune ba aiki, makarantu kuma sai su ɗauki makulli su ba duk wanda darasinsa bai yi yawa ba. Shi ya sa ɗakunan suka koma wurin ajiye fasassun kujeru.

Malama Rukayya (Tudun Wada): Baba ni ma ban nema ba, ba ni aka yi. In na ƙi, rufe ɗakin za a yi.

Malam Yakubu (Rigasa): Baba gaskiyarka ce, amma ba ita za a tuhuma ba. Tunda ta zo tana tambaya ai a koya mata.

Baba Audu (mai ritaya): 'Yata ba da ke nake ba, ki yi haƙuri. To ji nan. Jami'ar NOUN na sa littattafan kwasa-kwasanta kyauta a shafinta, ki sauke na fannin laburare ki karanta yadda ake jera littattafai da tsarin Dewey, wato ba su lamba bisa fanni. Ki nemi jagoran laburaren makaranta na IFLA, ƙungiyar laburare ta duniya, bugun 2015, shi ma kyauta. Labaran sana'a kuma ki bi shafin NLA, ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya, a Facebook, ƙungiyarmu ce tun 1962 kuma tana da reshe a nan Kaduna. Akwai ta laburaren makarantu zalla, NSLA. AfLIA, ta Afirka baki ɗaya da ke Akara, takan shirya horo ta intanet. Watan Oktoba kuma shi ne watan laburaren makarantu na duniya, ki fara shiri da yara tun da wuri.

Danladi (Sabon Tasha): Ni ina leƙa School Library Journal na Amurka don dabarun jawo yara. Littattafan da suke yabo dai sai kallo, da dala ake saye.

Malam Sabo: Koha fa, manhajar nan ta rajistar littattafai? An ce mini da shi manyan laburare ke aiki.

Danladi (Sabon Tasha): Kyauta ne amma sai kwamfuta mai Linux da wanda ya iya kula da ita. Littafi ɗari biyar me zai kai ka? Excel ya isa.

Baba Audu (mai ritaya): Babbar rajista mai bango ta fi duka. Ba a ɗauke mata wuta.

Danladi (Sabon Tasha): Gara fa Baba?

Baba Audu (mai ritaya): Gara na cin rajistar malalaci ne. Ɗaga kanta daga ƙasa, ka janye ta daga bango, ka duba bayanta duk Juma'a.

Malama Grace (Barnawa): Na makara. Abin da ya fi karɓuwa a wajena darasin gane labarin ƙarya ne. Nakan ɗauko hoton da ke yawo a WhatsApp, irin wanda ake cewa jiya aka ɗauka a Kaduna, in buɗe shi a kwamfuta yara su kewaye ni. Sai mu sa shi a Google Lens, ya fito ashe na wata ƙasa ne, shekaru da suka wuce. Ihun da suke yi sai malamin ajin kusa ya leƙo. Daga nan mu duba Dubawa ko Africa Check, shafukan tantance gaskiyar labarai, mu kwatanta da abin da BBC Hausa da Aminiya suka rubuta. Wata yarinya ta dawo ta ce ta hana kakarta tura wani saƙon murya a zauren dangi. A garin da jita-jita ta sha tayar da hankali, ni ina ganin wannan ya kai kowane darasi muhimmanci.

Hajiya Binta (Kawo): Wallahi wannan ya yi. Grace ki rubuto mana yadda kike tsara shi.

Malam Sabo: Kuma a riƙa fita da yara. Gidan Arewa na nan kan titin Rabah, Laburaren Ƙasa na titin Bida. Yaro ya ga tsoffin jaridu da idonsa.

Maman Ilham: Kuɗin mota wa zai biya? Bas ɗaya yanzu nawa ne?

Malama Rukayya (Tudun Wada): Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Malam Yakubu in na aiko da filashi za a zuba mini Kiwix ɗin da Kolibri?

Malam Yakubu (Rigasa): Kiwix na Hausa zai shiga. Kolibri da bidiyonsa sai babban hadis, wato hard disk. Kuma ki kawo sabo, wanda bai zaga shagunan buga takardu ba, kada ki kwaso mana bairos.

Danladi (Sabon Tasha): Ni ma a sa da ni. Asabar bayan la'asar?

Malam Yakubu (Rigasa): In da wuta.

Malam Sabo: Af, tunda an zo nan, batirin sola ɗinmu ya daina riƙe caji tun farkon damina. Wa ya san inda ake samun na ƙwarai ba jabu ba?